Ranar Wankan Duna

Na san akwai waɗanda za su buɗe mujallar nan tamu su ga kan wannan magana su yamutsa fuska, su ce duk abin da ke cikin Hausa na waƙa da zube da nahawu, wannan ɗalibi bai ga abin rubutawa ba sai kare. Ban ga laifinsu ba. Mu mutane ne waɗanda in mun so mu ƙure wa mutum zagi sai mu haɗa shi da kare, yaro kuwa in ya hangi kare a lungu, abin da hannunsa zai fara lalubowa shi ne dutse. Ni ma a haka na tashi. To amma tun da abin a kaina ya faru, har yau kuma tabonsa yana nan a wuyan hannuna na hagu, sai 'yan'uwa ɗalibai da malamaina su yi mini haƙuri su saurara.

Gidanmu yana Malali, cikin Kaduna ta Arewa, tsakanin gidajen Lokos da hanyar da ke gangarawa wajen ma'aikatar ruwa a bakin Kogin Kaduna, ba nisa da Kwalejin Gwamnatin Tarayya. Unguwa ce ta ma'aikata da waɗanda suka ajiye aiki, katangu dogaye da waya mai ƙaya a bisa, kuma da sha'anin tsaro ya taɓarɓare sai gidaje da dama suka ajiye kare, wasu irin na Turawa mai gashi buzu-buzu, wasu na gida. Namu na gida ne, baƙi wuluk, mai dogayen ƙafafu da tsukakken ciki irin na karnukan farauta. Maigadinmu, wani dattijo Ba'adare daga ƙasar Tawa, shi ya zo da shi cikin kwali a 2019 yana ɗan kwikwiyo, ya raɗa masa suna Duna. Daga ranar nan ba wanda ya san cinsa da shansa sai maigadi. Mu dai namu mu zuba ragowar tuwo a tsohon kwano mu tura masa da ƙafa. Da shekaru suka ja, ido kuma ya fara gazawa, sai dattijon ya yi mana sallama a 2021 ya koma gida. Duna ya kwana 3 a bakin ɗakin gadi bai taɓa abinci ba. Daga nan ya zama karen gida wanda ba shi da kowa a gidan.

Cikin hunturun shekarar nan, wajen ƙarfe 2 na dare, wasu suka hauro katanga don su kwance injin jan ruwa na rijiyar burtsatse. Duna ne ya tayar da gida, ya tayar da maƙwabta, da gari ya waye muka tsinci yagaggen wando da takalmi wari ɗaya a gindin katanga. Baba ya aika aka sayo masa kayan ciki a mahauta. Sai kuma aka ce kare mai wannan ƙoƙari bai kamata a bar shi da kaska ba, a yi masa wanka. Watau alheri muka yi nufi.

Ga yadda muka yi alherin. Aka kira samari 2 daga cikin masu wankin mota, aka zarga masa igiya a wuya aka ɗaure a jikin mangwaro, aka ja har sai da ƙafafunsa na gaba suka kusa barin ƙasa. Ni na riƙe bakin igiyar. Ɗayan ya sako masa ruwan tiyo mai sanyi ƙalau a fuska da kunnuwa, ɗayan ya dama wani maganin ƙwari na feshin gona da aka sayo a kasuwa cikin kwalba marar takarda, ya kwarara masa daga kai har wutsiya, ba awo ba komai. Duna ya yi ta kuka irin wanda ban taɓa jin kare ya yi ba, ya saki fitsari, mu kuwa muna dariya. Kafin awa ɗaya sai ga shi yana dalalar da yawu, yana amai, duk jikinsa yana rawa kar-kar-kar. Aka wanke shi da ruwa tsura, aka ɗura masa manja da madara kamar yadda mutane ke yi. Daga baya na sami labari cewa manja ba ya karya irin wannan guba, allura ce likita ke yi, kuma ɗura wa dabbar da ke cikin wannan hali abu a baki yana iya shaƙe ta. Kwanansa ne kawai yake gaba. Kaska kam ta mutu. Amma tun daga ranar, in Duna ya ji ƙarar hannun bokiti, ko ya ga mutum da igiya, sai ya shige bayan tankin ruwa ya maƙale, ba ya fitowa sai dare. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake yi.

Ran 14 ga Fabrairu 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta tafi yajin aiki, muka tattara komatsanmu muka koma gida muna zaton makonni kaɗan ne. Muka yi azumi a gida, muka yi ƙaramar Salla, ruwa ya sauka, ciyawa ta tashi. Kaska kuma ta dawo, har ta fi ta bara. In ka duba kunnen Duna daga nesa sai ka ce an jera masa wake a ciki. Bakin kunnuwan kuma ƙudaje sun cinye, kullum jini. Ya rame, haƙarƙarinsa ana iya ƙirgawa. Duk wannan bai tayar wa kowa da hankali ba sai ranar da Inna ta ga kaska tana tafiya a kan tabarmar da ake shimfiɗar da jaririn yayata, wadda ta zo wankan jego. Aka duba bangon baya na ɗakin girki, sai ga su jere suna hawa kamar tururuwa.

Baba ya kira ni bayan sallar Isha'i ya ce, “Kai ne babba a gidan nan yanzu, kuma ba karatu kake yi ba. Na ba ka mako guda. Ko ka raba karen nan da ƙwarin nan, ko in sa a kira masu saye.”

Mai karatu ya san ko su wane ne masu saye. Su ne masu yawo unguwa-unguwa a kan babur da kejin ƙarfe a baya, suna tara karnuka ana lodawa a mota zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a ƙasar Kanke ta Jihar Filato. Karen da ya shiga kejin nan ba gadi za shi ba. Na so in ce wa Baba in an sayar da kare bango yana nan da kaskarsa, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri, amma na ga fuskarsa ba ta karɓar karin magana a daren nan, sai na ce, “To, Baba.”

Washegari na yi abin da na sani, watau ƙarfi. Na ɗauki igiya da bokiti na nufi bayan tanki. Duna ya kawar da kai, ya yi hamma, ya lashi leɓe, ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya tsakanin cinyoyi. Na matsa. Ya sandare kamar gunki yana kallona ta gefen ido, farin idon duk a waje. Na ƙara matsawa. Ya yi gurnani ƙasa-ƙasa. Na daka masa tsawa na miƙa hannu wajen wuyansa, sai na ji caraf. Sau ɗaya ya kama, ya saki, ya koma lungu yana makyarkyata fiye da ni.

Allah Ya taimake ni akwai wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya. Ita ta tsayar da ni a bakin famfo ta sa aka yi ta wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15 cur, tana duba agogo, ta hana a ɗaure shi da tsumma ko a shafa masa wani abu na gargajiya. Sa'an nan ta tambaya ko an taɓa yi wa karen allurar rigakafin hauka. Muka dubi juna. Ba a taɓa ba. A hanyarmu ta asibiti ta ba ni karatun da ban samu a aji ba: ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, to sai dai a yi masa addu'a, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta cizon kare. Alhali maganin rigakafin ba sabo ba ne. Tun 1885 Louis Pasteur ya gwada shi a kan wani yaro a Faransa yaron ya tsira, kuma a nan ƙasar cibiyar binciken dabbobi ta Vom ta daɗe tana yin na karnuka. Mu da muke ganin mun waye, muna zaune da kare shekara 3 ba mu kai shi ba. Aka yi mini allura ranar, aka ce in dawo rana ta 3 da ta 7. Kuɗin da aka caje mu ya isa a yi wa karnukan layinmu duka rigakafi.

Da muka dawo Baba ya ce a kira masu kejin yanzu-yanzu. Maƙwabciyar nan ta rusuna ta ce, “Alhaji, a yi haƙuri, ba a sayar da shi ba a kashe shi. A tsare shi kwana 10 ana kallonsa. In yana ci yana sha lafiya har kwanakin suka cika, to lokacin da ya yi cizon ba ya ɗauke da ciwon a yawunsa. In aka tafi da shi, da me za mu sani?” Ka ji yadda cizon da ya kamata ya hallaka Duna shi ya saya masa kwana 10.

Aka toshe lungun tanki da tsohon kyaure, aka ce ni zan riƙa kai masa abinci tun da ni na jawo. A cikin kwanakin nan ne na buga wa wani abokina waya, ɗalibi a tsangayar likitancin dabbobi a Samaru, wanda shi ma yajin aikin ya zaunar a gida. Na zayyana masa yadda aka yi tun daga mangwaro. Ya yi dariya ya ce ai ni na karanta labarin Pavlov don cin jarrabawa, ga shi na aikata shi a tsakar gidanmu ban gane ba. Pavlov, masanin nan na Rasha, ya riƙa haɗa wani sauti da abinci har karnukansa suka koma suna zubar da yawu da jin sautin kaɗai. Mu kuma mun haɗa ƙarar bokiti da shaƙa da guba. Ya ce abin da aka ƙulla ta wannan hanya ana iya kwance shi ta ita. Wani likita, Joseph Wolpe, ya yi gwaji da kyanwoyi a Afirka ta Kudu: aka tsorata su a cikin keji har suka ƙi cin abinci a ciki ko da yunwa za ta kashe su, sai ya riƙa ciyar da su a wani ɗaki da bai yi kama da wurin ba, kullum yana matsowa da su kaɗan-kaɗan zuwa wanda ya fi kama, har suka koma suna ci a cikin kejin. Ya fitar da littafi a kan wannan a 1958, kuma da hanyar ake yi wa mutane masu tsananin tsoro magani. Sharaɗin guda ne: kada ka taɓa kai dabba matakin da tsoro zai hana ta ci. In ta ƙi karɓar nama, ka yi gaggawa, koma baya. Ya ƙara da cewa da an saba wa Duna da ruwa da taɓa ƙafa da kunne tun yana tsakanin mako 3 da mako 12, lokacin da kwikwiyo ke karɓar duk abin da aka nuna masa a matsayin abin duniya na kullum, da duk wannan bai taso ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan na boko ke nan. Na gargajiya kuwa a wurin wani tsohon mafarauci na same shi, mutumin wajen Rafin Guza, wanda ke cikin 'yan sintirin unguwarmu, kullum da karnuka 4 a bayansa, sumul-sumul, ba kaska ko ɗaya. Na tare shi da asuba na gaishe shi na nuna masa hannuna. Ya biyo ni har lungun, ya tsaya daga nesa, bai ko dubi karen ba.

Ya ce, “Ɗan makaranta, wa ya fara jin tsoron wani, kai ko shi?”

Na ce, “Baba, ai shi ya cije ni.”

Ya ce, “Cizo ai maganarsa ce ta ƙarshe. Sau nawa ya yi maka magana kafin nan?”

Na tuna hamma, da lasar leɓe, da kawar da kai, da sandarewa, da gurnani. Na ƙirga 5, na yi shiru. Tsohon ya ce kada in ƙara yi wa kare tsawa don ya yi gurnani, domin wanda ya hana kare gurnani ya koya masa cizo ba sallama. Sa'an nan ya tsuguna, ya ba Duna gefen jikinsa, ya kama sassaƙar wani ɗan icce da wuƙa yana 'yar magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jika. Ya ce kare ba a tunkararsa gaba da gaba, ba a zura masa ido, ba a rusuna a kansa, hannu kuma ba ya zuwa ta bisa kai, ta ƙirji yake zuwa. Ya ce shi ba ya cire wa nasa kaska da safe suna da ƙarfi, sai da yamma in sun dawo daga daji sun gaji sun ci sun ƙoshi. Wanka kuwa ba ya yi musu da bokiti, kogi yake shiga su bi shi. Da zai tafi ya ce, “Kuma ranar da ranka yake ɓace kada ka je wurinsa. Yana jin warin tsoro a jikinka.” Na ɗauka zancen tsofaffi ne, sai abokina ya ce a'a, a 2018 wasu masana a Italiya sun shaƙa wa karnuka gumin mutanen da aka tsorata, suka ga bugun zuciyarsu ya ƙaru suna neman mafaka wurin masu su. Na ce lalle da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai wani abu kuma da ya tsaya mini a rai, wanda ba zan ɓoye ba tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wani abokin Baba ya gan ni zaune a ƙasa kusa da kare ya ce, “Yanzu duk karatun naka a nan ya ƙare? Da wane tufa za ka yi salla?” Maganar ta dame ni, na kai ta wurin limamin masallacinmu. Ya ce a mazhabar Malikiyya, wadda muke bi a ƙasar nan, duk mai rai tsarkakakke ne har da yawunsa da guminsa, kare ma yana ciki, wanke ƙwarya sau 7 in ya sa baki a ciki kuwa bin umurni ne, ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hambaliyya su ne suka tafi a kan najasarsa. Game da ajiye shi don tsaron gida malamai sun yi saɓani, amma an ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai Risala, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, da aka tuna masa Imamu Malik bai so haka ba, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu ko zaki ma zai ajiye. Ya tuna mini kuma da hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ya ce, “Wanda ya ajiye dabba, haƙƙinta yana wuyansa. Ka dai wanke hannunka don lafiya.” Abin mamaki, littattafan nan su ake karantawa a zaurukanmu shekara da shekaru, amma abin da ya zauna a zukatanmu game da kare daban ne.

To, sai aiki. Ranar farko na ajiye bokitin da ba komai a ciki can bakin rijiya, wajen taki 15 daga lungun, na zo na zauna a gefe na riƙa jefa masa ɗan tsinken balangu. Ya ƙi ci sai da na tashi. Rana ta 3 ya ci ina zaune. Na riƙa matso da bokitin taki 2 a kullum, in ya ci in bar shi nan, in ya yi hamma ya kawar da kai in mayar da shi inda yake jiya. Na koma ina kaɗa hannun bokitin, ƙaras, sa'an nan in jefa nama, ƙaras, nama, har ya zama in ya ji ƙarar sai ya ɗaga kunne yana duban hannuna. Kuɗin aljihuna ya ƙare a wurin mai balangu, na koma ƙuliƙuli, ashe ma ya fi son sa. Ƙannena suna leƙowa suna cewa Yaya ya zama malamin kare, ajinsa ɗalibi guda. Kwana 10 suka cika Duna lafiya lau, aka ce in bar sauran allurar. Na je na durƙusa gaban Baba na ce a ƙara mini zuwa Babbar Salla. Ya daɗe yana jan carbi, sa'an nan ya ce, “Rana ɗaya ba zan ƙara a kai ba.”

Taɓa jikinsa shi ya fi wuya, kuma ni ne matsalar. Hannuna rawa yake yi. Sai na riƙa zuwa bayan La'asar, in fita da shi mu gangara wajen kogi mu dawo, in ba shi abinci, sa'an nan in zauna in ɗora bayan hannuna a ƙirjinsa in ƙirga 3 in ɗauke. In ya matso, in ƙara. In ya kawar da kai, in bari. Wannan ɗauke hannu shi ne asirin abin a ganina: da ya gane cewa in ya ce a'a ana ji, sai ya rage cewa a'a. Daga ƙirji zuwa kafaɗa, daga kafaɗa zuwa gindin kunne, kwana 6.

Wata rana na ga abin yana tafiya, ga kuma kwanaki suna gudu, sai na ce bari in haɗa biyu: na jiƙa tsumma na matse masa a gadon baya ba zato. Ya yi tsalle ya faɗa bayan tanki, kwana 2 bai karɓi komai a hannuna ba. Gaggawar minti ɗaya ta cinye mini aikin mako. Dole na mayar da bokiti taki 8 na sake farawa, sai dai wannan karon ya fi saurin dawowa.

Kaskar da matsefata na riƙa cire ta, irin wadda ake cire ƙaya. Ana kama ta ne daf da fata a ja a miƙe a hankali, ba murɗawa, ba matse cikinta, ba ƙona ta da ashana, domin duk wannan yana sa ta amayar da abin da ke cikinta a jikin dabba. In an cire a jefa cikin gwangwanin kananzir, kada a fasa da farce. Ƙanena yana riƙe da murfin kwano da aka shafe da tunkuza Duna yana lasa, ni ina aiki, minti 5 mu tashi. Yammacin farko na ƙirga 63 a kunne ɗaya da wuya. Tsakanin yatsun ƙafa kuwa sai da muka yi kwanaki kafin ya yarda. Na koya masa takunkumi ma ta hanyar nan, ya riƙa cusa bakinsa da kansa don ya kai ga ƙuliƙuli, kuma ba na barinsa da shi fiye da 'yan mintoci, domin kare da haki yake fitar da zafin jikinsa, in aka ɗaure bakin cikin rana ana iya kashe shi.

Da takunkumin nan ne likitan dabbobi ya iya duba shi. Ya ɗaga leɓensa ya nuna mini dasashi fari fat, ya ce zazzaɓin kaska ne ya sha masa jini. Ya yi masa magani, ya ba da man shafawa na kunne da wata ƙwaya da ake ɓoyewa cikin nama tana kashe kaskar da ta kama shi, ya ce rigakafin hauka sai ya murmure. Ya kuma bayyana mini abin da na so in gaya wa Baba tun farko. Irin wannan kaska ta kare ba a jikinsa take rayuwa ba, ci kawai take zuwa yi. Macen in ta ƙoshi sai ta faɗo ta hau bango ta shiga tsaga ta zuba ƙwai dubbai, 'ya'yan kuma suna iya yin watanni ba su ci ba suna jira. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ashe har kaska. Muka fitar da jariri da uwarsa zuwa gidan gwaggo kwana 2, aka yi feshi, na sayo siminti rabin buhu na bi bangon baya ina liƙe tsaga ɗaya-ɗaya, muka nome ciyawar bayan gida.

Salla ta kama Asabar, 9 ga Yuli. Ran Alhamis duk layinmu yara suna wanke raguna da omo, ana ja ana turjiya ana ihu. Ni kuma na ajiye bokiti a rana tun hantsi don ruwan ya yi ɗumi, na shimfiɗa buhu a ƙasa don kada ƙafarsa ta zame a siminti, na kori 'yan kallo, na hana a kunna janareta. Ba igiya, ba mangwaro. Na fara da ƙafar gaba da ɗan moɗa, ina zubawa daf da jiki don kada ruwan ya yi ƙara. Ya sandare. Na tsaya, na kawar da kaina, na ƙirga 10. Ya sauke numfashi ya koma lasar tunkuza. Na hau kafaɗa, na bi baya, na sa sabulun da likita ya ba ni, na cuɗa, ruwan da ke sauka ja-ja kamar na jar ƙasa. Sau 4 muna tsayawa. Sau ɗaya ya bar buhun ya tafi har bakin tanki, na zauna ban kira shi ba, zuciyata tana dukan uku-uku, can sai ga shi ya dawo da kansa ya tsaya. Kai da fuska ban zuba musu ruwa ba, da jiƙaƙƙen tsumma na goge.

Ban san Baba yana tsaye a bayana ba, ya fito za shi sallar Azahar cikin farar riga. Ina ajiye moɗa Duna ya girgije jikinsa tun daga kunne har wutsiya, ya feshe mu tsaf. Gidan ya yi tsit. Baba ya dubi rigarsa, ya dubi karen, ya dube ni.

Ya ce, “Liman ya ce ba najasa ba ce ko?”

Na ce, “Haka ya ce, Baba.”

Ya ce, “To, ai bai ce ba ƙazanta ba ce.” Ya koma ciki ya sake riga. Bai ƙara ta da maganar masu keji ba, ranar Salla kuma na ji yana ce wa mahauci a ware huhun ragon a dafa wa Duna. Bayan mako 2 aka yi masa rigakafin hauka, aka ba mu kati, Inna ta adana shi tare da katin awon jariri.

Yanke farce kam ban ci nasara ba har yau. Ya yarda in riƙe ƙafafu 3, ta baya ta hagu kuwa ko kusa, ban san abin da ya taɓa samunta ba. Sai na bar wa tsakuwar hanyar kogi ta riƙa goge masa su. Da aka janye yajin aiki ran 14 ga Oktoba na damƙa moɗa da matsefata a hannun ƙanena, na rubuta masa ƙa'idodin a bayan kalanda. Ya riƙe wata 2, jarrabawa ta zo ya saki. Da na dawo hutu na ɗauki bokiti na nufi lungu ina kiran sunansa, Duna ya fito yana kaɗa wutsiya, ya hangi abin da ke hannuna, ya yi hamma, ya koma bayan tanki. Na ajiye bokitin taki 3 daga wurin, na aiki yaro ya sayo ƙuliƙuli.